Lambar ledar jini ta shiga fayil

Wani bawan Allah daga Katsina ya ce an rubuta wa matarsa ledar jini 2 bayan haihuwa, wani a bakin asibiti ya yi masa tayin jini da araha, yana tambaya ko ya kamata ya saya.

Haba Malam! Jinin da ba ka san inda aka ɗebo shi ba? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini a Najeriya. Kuɗin da asibiti ke karɓa na leda ne da gwaji da ajiya. Tara 'yan uwa masu lafiya su je su bayar.

Wata uwa daga Zariya kuma, ɗanta mai sikila ne, an sha yi masa ƙarin jini. Ta ce hankalinta na tashi duk lokacin da aka rataya leda, me za ta duba?

Sannu 'yar uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kafin a ɗaura, ki roƙi nas ta karanta sunansa da lambar fayil ɗinsa a gabanki, ta gwada da takardar da ke manne a jikin ledar. Rukunin jini, lambar leda, ranar da zai lalace, shaidar an gwada shi da jinin yaron, da ta gwajin ƙanjamau, ciwon hanta B da C da tunjere, duk su fito. Sai a rubuta lokacin farawa da na gamawa, domin jinin da ya bar firij ba a so ya wuce awa 4 bai gama shiga ba. Minti 15 na farko kada ki matsa ko'ina. Rawar sanyi, zazzaɓi, ƙaiƙayi, ciwon baya ko fitsari ya yi ja, ki kira nas nan take.

Abin da ke ci mini rai shi ne fayil da za a buɗe a ga “an ƙara jini” kawai, babu lamba, babu sa hannu. Idan yaro ya rikice, ta ina za a bi sawun ledar? Mai sikila da ake yawan ƙara wa jini, jikinsa kan fara ƙin wani jinin, kuma likitan gaba da rubutun na baya yake aiki. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa kwafe kwanan wata da lambar kowace leda.

Mai tambaya kan yadda inshorar lafiya ke biyan kuɗin ƙarin jini kuma: kowane aiki da lambarsa a takardar kuɗi, gwaji daban, ƙarin jini daban. Abin da ba a rubuta ba, masu inshora ba za su biya ba. Karɓi rasit kafin a sallame ku.