Yaya, surukaina Bhatti ne, ga asalinsu

Yaya, saƙonka ya iso. Na san tambayar ba taka ba ce kai kaɗai, ta gida ce gaba ɗaya: su wane ne dangin matata, kuma yaran da muka haifa a Lahore ta Pakistan Hausawa ne ko sun ɓace mana. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne maganar da aka ce Gwaggo ta yi, wai na auri jikar masu bautar gumaka.

Surukaina Bhatti ne, reshe ne na Rajput, gidajen sarauta da mayaƙa na arewacin Indiya. A faɗarsu tsatsonsu yana komawa ga Yadu, zuriyar da Krishna, wanda mabiya addinin Hindu ke bautawa, ya fito, sai wani kaka Bhati da suka ci sunansa. Tsohon garinsu Bhatner, yau Hanumangarh ake ce masa, a jihar Rajasthan. Yaƙe-yaƙe suka yi ta tura su cikin hamadar Thar, suka zauna a Lodurva, har sarkinsu Jaisal ya tashi ya kafa Jaisalmer a 1156, bisa tudu, a bakin hanyar ayarin raƙuma. Da kuɗin da fatake ke biya garin ya yi arziki. Wanda ya san Agadas zai gane irin wannan zama.

Waɗanda suka bazu cikin Punjab da yawansu sun musulunta tun ɗaruruwan shekaru. Wasu gidajen suna cewa a hannun Shehu Baba Farid na Pakpattan ne, waliyyin ƙarni na 13. To mu Kanawa fa, Yaya? Barbushe da Tsumburbura a Dala ai ba tarihin wasu ba ne, namu ne. Wa ya taɓa hana mu aure saboda su?

Ƙaurarsu ta ƙarshe a 1947 ce, da aka raba Indiya da Pakistan. Kakar matata tana ƙaramar yarinya aka tsallako da ita daga gabashin Punjab a amalanken shanu. Na riske ta da rai. Ba ta jin Hausa, ni kuma Punjabina a lokacin bai nuna ba, amma ita ta fara kirana ɗanta, kuma har ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta daina cewa ruwan rijiyar ƙauyensu na can ya fi daɗi ba.

Kada ku ɗauka ba ni matata aka yi a banza. Mutanen nan ba sa son aurar da 'ya a wajen danginsu, abin da suke kira biradari. Shekara biyu ina sintiri. Akwai kawun da har yau gaisuwarmu daga nesa ce, kuma na san launin fatata na ciki. Wannan na haɗiye shi. Wanda ya yi mini wuyar haɗiya shi ne na sha a nan, sannan in sha a gida.

Zancen yara kuwa, a wajen Rajput ɗa na uba ne, kamar yadda yake a wajenmu. Kakanninsu na uwa ma ba sa lissafa su cikin Bhatti. Idan ku ma kun ce ba Hausawa ba ne, na wa za su zama? Gaskiya Urdu ya fi zama a bakinsu, ƙaramar ma Hausarta a karye take. Amma ran bakwai aka yanka musu rago, babban ya ci sunan Baba, suna durƙusawa su gaida manya, kuma mu 'yan tsirarun Hausawan da ke nan ba ma barin Sallah ta wuce ba mu haɗu kan tuwo da miyar kuka ba, ko da kukar ta shekara a kwalba.

Ranar da na je neman aure, surukina ya jero kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in jero nawa. A kan kakan Baba na tsaya, kunya ta rufe ni. Don Allah ka zauna da Gwaggo tun tana da ƙarfi, ka rubuto mini sunayen da garin da muka taso kafin Kano. Babban yarona ya fara tambaya.