Daga Ina Sunan Campbell Ya Samo Asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce mini Campbell sunan mutanen Sikotlan ne. Me yake nufi, kuma yaya aka yi baƙar fata irin Sol Campbell, tsohon ɗan wasan Arsenal, ke amsa shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka, malam. Sunan ya fito daga Gelik, harshen mazauna tsaunukan Sikotlan, inda ake cewa Caimbeul: "cam" karkatacce, "beul" baki. Wato mai karkataccen baki. Laƙabi ne ya bi wani kakansu, kamar yadda ake kiran mutum Dogo har a manta sunan yankansa. Harafin "p" daga baya ya shigo rubutu, kuma ba a furta shi; "Kambal" ake cewa. Labarin da wasu ke yaɗawa cewa asalinsa "de Campo Bello" ne, wai kyakkyawan fili, ƙawa ce aka yi wa sunan bayan da zuri'ar ta yi ƙarfi.

Tun 1263 sunan wani kakansu, Gillespic Cambel, ya bayyana a takardun baitulmalin sarkin Sikotlan. Zuri'ar ta kafu a bakin tafkin Awe da ke yankin Argyll, shugabanta ya samu sarautar Earl a 1457, ta Duke a 1701, kuma har gobe fadarsu tana Inveraray.

Sai dai ba kowane Campbell ne jinin wannan gida ba, nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Talakawan da ke noma ƙasar shugaba sukan ɗauki sunansa don samun kariya. Da aka haramta sunan wata zuri'a, MacGregor, a 1603, wasunsu sun fake da Campbell, shi kansa Rob Roy, shahararren ɗan tawayen MacGregor, da Campbell, sunan mahaifiyarsa, ya riƙa amfani. A ƙasar Ailan (Ireland) ma an mayar da wani suna daban, Mac Cathmhaoil, ya koma Campbell.

Iyayen Sol kuwa 'yan Jamaika ne, tsibirin da 'yan Sikotlan da dama suka mallaki gonakin rake da bayi. Ta wannan hanya sunan ya yaɗu a can.

Mai bin diddigin nasaba ya fara da ScotlandsPeople, shafin intanet na tsofaffin takardun Sikotlan. Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta hukuma daga 1855 ta soma. Kafin nan sai littattafan coci, masu giɓi da yawa. A nemi Cambel da Cambell su ma, domin magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.