Fuska Ba Ta Rera Waƙa

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce kana so ka tayar da tsohon wasan nan mai waƙe-waƙe da muka yi tun kana goye, kuma 'yan mata biyu ne a gabanka: ɗaya mabiyanta birjik a TikTok, ɗayar kuwa ba wanda ya san ta sai 'yan unguwarsu, amma ta fi murya. Wai wacce za ta fito a jaruma. Da wani ne ya kawo mini wannan da tuni na sallame shi, don amsar tana cikin bakinka. Sai dai ka fama mini tsohon miki, saboda haka zauna ka ji.

Yadda ake kiran gwaji da raba takardu ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda ya shekara biyar yana ɗaukar mini jaka bai san wannan ba, gara ya koma sayar da kati.

Tsohon wasa ba ɗaya yake da sabo ba. A sabo, 'yan kallo suna zuwa ne kunnensu fayau, abin da ka zuba musu shi za su sha. A tsoho kuwa da waƙar suke shigowa a ka, haɗe da muryar wadda ta fara rera ta. Jarumarka tana gasa ne da macen da ba ta wurin, wataƙila ma ta riga mu gidan gaskiya, kuma wadda ake tunawa ba ta taɓa yin tuntuɓe a waƙa. Ko a Amurka haka abin yake. Wasan nan Funny Girl, Barbra Streisand ce ta fara fitowa a jarumarsa a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin Niyok, a 1964, kuma sai da aka shekara 58 kafin a sake ɗora shi a can. A 2022 suka ba Beanie Feldstein, 'yar fim mai ban dariya da farin jini. Masu sharhi suka ce waƙoƙin sun fi ƙarfin muryarta. An buɗe a Afrilu, ƙarshen Yuli ta bar wasan. Julie Benko, wadda aka ajiye don ko-ta-kwana, ita ta riƙe dandamalin har Lea Michele ta karɓa a Satumba, tikiti ya shiga tsada. Masu kuɗi da makaɗa cike da ramin gaban dandamali ke nan, balle kai da kalangu biyu da garaya.

Ni ba a jarida na karanta darasin ba, da filina na biya kuɗin makaranta.

Lokacin da na tayar da wannan wasan karo na biyu, akwai wata yarinya da na yi wata huɗu ina gyarawa. Gajera ce, ba ta da wani kyan da za a juyo a kalla, amma in ta ɗaga murya na bayan zaure sai ya ajiye gyaɗarsa. Ana cikin haka wani attajiri ya ce zai ɗauki nauyinmu, rabin kuɗi yanzu, rabi bayan an tashi. Sharaɗinsa ɗaya: wata 'yar fim da ake yayi a lokacin ita za ta fito a jaruma, don a sa hotonta a fosta kusa da sunan hajarsa. Ba takarda, ba shaidu, sai "haba Malam, ni da kai?" Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na amsa. Na kira yarinyar nan na mai da ita cikin 'yan amshi. Ba ta ce uffan ba, ta dai sunkuyar da kai ta koma layin baya. Wannan sunkuyon har yau yana hana ni barci.

Ka san yadda waƙar fim take: mawaƙiya na can ɗakin ɗaukar sauti ta rera, jaruma ta zo gaban kyamara tana bi da baki. Ba laifi ba ne, sana'arsu ce haka, ko Turawa sun yi. Amma dandamali ba ya da "a sake". Baiwar Allah nan sau uku ta zo atisaye, kowane zuwa da ƙawaye biyar da mai riƙe mata waya. Da na ce ta rera mini baitin kukan amarya, abin da ya fito ko kaza ba zai tayar ba. Attajiri ya ce a yi dabara, a ɗauki muryar yarinyata a kaset a saka ta lasifika. Ni da furfurata na yarda da wannan ma.

Daren farko zaure ya cika maƙil, da sanyin hunturu da komai. Ana tsakiyar waƙar nan ta kukan amarya, wadda kowace tsohuwa a garin ta haddace, sai aka ɗauke wuta. Kafin yaro ya tayar da janareta, ga jaruma tsaye a hasken fitilun hannu, baki na motsi, ba sauti. Wani ɗan iska daga baya ya yi ihu wai a sa mata batir. Zaure ya kwashe da dariya. Sai yarinyar nan daga layin 'yan amshi ta ɗauki baitin daga inda ya yanke, ba makirufo, mai kalangu ya bi ta. Wurin ya yi tsit. Tsofaffi suna amsawa suna share hawaye. Da aka dawo da wuta kaset ya ci gaba daga inda ya tsaya, murya iri ɗaya daga wuri biyu, kowa ya gane abin da muka yi.

Washegari jaruma ba ta zo ba, wai an tozarta ta. Attajiri ya ce ni na kunyata hajarsa, ko sisi ba zai ƙara ba. Kuɗin zaure na kwana uku, makaɗa, tela, mai janareta, duk a wuyana. Na sayar da filin da na ajiye don ginin tsufa. Yanzu shaguna ne a wurin, in zan wuce kau da kai nake yi. Yarinyar ta ƙarasa mini kwana biyun da suka rage, aka yi mata aure bayan salla, ba ta sake hawa dandamali ba. Shi kuwa mutumin har gobe muna haɗuwa a ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu yana murmushi.

Ku yaran yanzu kun ɗauka waƙar daƙiƙa talatin da na'ura ta goge ita ce murya. Kai su biyun zauren da za a yi wasan, ba ɗakinka ba. Ka tsaya can bango na ƙarshe, a kashe lasifika. Kowacce ta yi rawar farko har ta yi haki, nan take ta shiga waƙar da ta fi wuya, tana gamawa ta faɗi maganar da ke biye. Ku yi haka kwana uku a jere, don a rana ta uku ake sanin maƙogwaron da zai dushe. Ka kuma lura ko tana sauraron makaɗi ko jan sa take yi kamar akuya. Mai mabiyan nan in ta tsallake wannan, ba ta, ba ni da gaba da ita. Wadda ta faɗi kuma kada ka kore ta, ta haddace komai ta zauna a ko-ta-kwana. A Broadway, inda ake wasa takwas a mako, ko bayan zuwan Lea Michele, Julie Benko ce ta riƙa fitowa ranakun Alhamis.

Ka je gidan iyayensu da kanka, ka tambaya ko an sa ranar wata. In kuma wani mai kuɗi ya ce yana da 'yar da yake so, ka ce ya zo ya same ni.

Asabar da hantsi ka kawo su, zan zo in zauna a baya. Ka gaya wa mai TikTok ɗin ta bar wayarta a gida.