Buhun shinkafa an rubuta kilo 25 amma bai cika ba, ina zan kai ƙara? Kuma madarar da aka rubuta tana da bitamin, ta yaya zan gane gaskiya ne?

Malam, ka ce ka sayi buhu a babbar kasuwa, ka ɗora a sikeli ya ba ka kilo 23. To kar ka kwance bakin buhun tukuna, ka ɗauki hotonshi da waya, ka riƙe resi in an ba ka, ka tafi ofishin kasuwanci na jihar Maraɗi, su ke da hurumin duba awo da farashi. Abin da aka rubuta "poids net" ɗin nan nauyin shinkafar ne tsurarta ban da buhu, saboda haka kar mai shago ya ce maka wai nauyin buhu ne. Amma fa sau da yawa ba kamfanin ba ne, a hanya ake huda buhu a ɗebi tiya guda a sake ɗinkewa, duba ɗinkin da kyau.

Maganar madara da aka rubuta tana da bitamin kuwa ido ba ya ganewa, sai an kai LANSPEX, ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa da ke Yamai, an gwada. In kayan Najeriya ne da suka shigo ta garin Ɗan Isa na bakin iyaka, duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a jiki, ko da yake wallahi ita ma ana buga ta jabu.