Bindigar giris ta ƙi aiki: laifinta ne ko na tarakta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tarakta Massey Ferguson 375 da haro, muna aikin shinkafa a Dadin Kowa. Bindigar giris ɗina ta dame ni. Wani lokaci yaron da ke tuƙa min zai yi ta buga hannunta, ba abin da ke fitowa, alhali da giris a ciki. In ta yarda ta fito da shi kuma, a wasu wuraren sai ya riƙa tsiyayowa ta gefen baki, bai shiga ba. Akwai wani nipul (ɗan kan ƙarfen da ake ɗora bakin bindiga a kai don giris ya shiga) a aksul ɗin gaba da hannun ke ƙagewa gaba ɗaya, bakin ma ya maƙale sai an sa filaya. Wannan ce ta biyu da na saya. Giris na bokiti muke saya mu cusa da hannu. Shin in sayi mai batir in huta? Daga wani manomi a Dadin Kowa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa noma albarka. Kada ka sayi wata tukuna. Matsaloli uku ka lissafa, kuma ɗaya ce kawai take cikin bindigar. Ta biyu tana bakinta, ta uku tana jikin tarakta. In ka kawo mai batir yau, za ta tarar da su suna jiran ta.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don in ka gane shi hannunka ma zai riƙa gaya maka inda cutar take. A cikin doguwar gangar akwai sanda mai sifirin da faifan roba a gabanta. Aikinsu kawai su riƙa tura giris a hankali zuwa kan bindigar. A cikin kan akwai ɗan ƙaramin fistin, shi ne hannun da ake bugawa yake motsawa, a gabansa kuma akwai bawul mai ƙwallon ƙarfe da ɗan sifirin, wanda ke barin giris ya fita ya hana shi dawowa. Kowane bugu bai wuce giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake fitarwa ba, amma da ƙarfin gaske. Bindigar hannu mai kyau tana kaiwa bar 400 zuwa kusan 700 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), alhali iskar da ke tayar bayan taraktarka ba ta kai bar 2 ba. Saboda haka in hannun ya yi laushi, yana tafiya ba nauyi, matsalar tana cikin bindiga. In ya yi tauri ya ƙi sauka, bindigar lafiyarta ƙalau, hanya ce ta toshe a gaba.

Kafin komai, a cire ta daga nipul a buga ta a kan tsumma. In ba abin da ya fito, galibi iska ce ta shige gaban fistin. Giris ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa ta koma yadda take, don haka fistin zai yi ta kai da kawowa a banza. Maganin ba ya cin minti biyar. A fara duba sandar baya, a tabbatar an sake ta daga maƙalinta, don sau da yawa bayan an cika bindiga mantawa ake yi da ita a maƙale, sifirin bai tura komai ba. Daga nan a warware kan gangar zagaye ɗaya ko biyu, ba tare da an cire shi ba. A juya sandar har a ji ta kama faifan robar, a dafa ta a jikin taya a danna. Za ka ji iska tana fita ta tiredi, can sai giris ya leƙo. Da ya leƙo a ɗaure kan, a buga hannun sau da dama. Wasu bindigogin suna da ɗan maɓalli a ka na fitar da iska, shi za a danna maimakon warwarewa.

Iskar nan daga cusawa da hannu take. Duk dunƙulen da yaro ya tura yana barin gurbi tsakaninsa da na baya, shi ya sa bindigar take aiki na ɗan lokaci ta tsaya, ta sake aiki ta sake tsayawa. Ga yadda ake cika ta daga bokiti: a cire kan, a goge jikin gangar tas, a tura sandar ciki gaba ɗaya, a nutsa buɗaɗɗen bakin gangar cikin giris kamar santimita biyar, sannan a riƙa jan sandar sannu a hankali ana ƙara nutsa gangar, kada bakin ya fito sarari. In ta cika a maƙale sandar, a shafe saman, a ɗan cika ramin kan da giris kafin a ɗaura. In kuwa na kwali za ka koma saya, mai giram 400, a cire murfin roba a fara shigar da wannan ɓangaren, sannan a ɓare marfin gwangwanin da ya kalli kai. A bindigogi da yawa faifan robar nan yana da fuska biyu, ɗaya ta kwali, ɗaya ta giris na bokiti. In an sa shi a juye, ko ya tsufa ya saki, giris zai zagaye shi ya koma baya. Alamarsa ita ce ka ja sandar ka gan ta dumu-dumu da giris, ko ya riƙa fitowa ta gindin gangar.

Akwai kuma wadda za a fitar wa iska, ta fesa giris a tsumma, amma da an ɗora ta a nipul sai hannun ya koma laushi. Wannan bawul ne. Ƙwayar yashi guda ta isa ta hana ƙwallon zama daidai, sai giris ya riƙa fita yana komawa. A kwance shi a cikin kwano, don ƙwallon da sifirin ƙanana ne, in suka faɗi ƙasa an rabu ke nan. A wanke da kananzir ko man gas, a busar, a mayar yadda aka same su.

Wannan yashin ya fi damuna fiye da bindigar. Na sha ganin bokitin giris a buɗe a ƙarƙashin bishiya da hunturu, saman ya yi fari da ƙura, ga wani kara a soke a ciki da ake kwasa da shi. Yashin da ya tsaya a bawul shi ne ka gani. Wanda ya wuce yana cikin boris ɗin haro, wato zoben ƙarfen da ke sa fayafayansa su juya sumul, kuma giris mai yashi a cikin boris tamkar dutsen niƙa ne, ƙarfen yake ci dare da rana. Kuɗin boris ɗaya da kwanakin da tarakta za ta yi a tsaye lokacin da kowa ke neman a yi masa haro sun ninka kuɗin bindiga. A rufe bokiti ruf bayan kowane ɗiba, kada a sa kara ko hannu mai ƙasa, kuma a goge kowane nipul da tsumma kafin a ɗora baki.

Zafi ma yana da nasa. Giris mai ne aka riƙe shi da wani sinadari mai kama da sabulu, kuma man shi ne kaso mafi yawa. In aka bar bindiga a kan tarakta cikin ranar Maris da Afrilu, ga sifirin yana matsa shi, man zai tsiyaye ya bar busasshen tuƙa da ke toshe tiyo. A ajiye ta a kwance a inuwa, in za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba a ja sandar a maƙale.

Tsiyayar gefen baki ba ta da wuyar ganewa. In a kowane nipul take yi, bakin ne ya gaji. A cikinsa akwai haƙora uku ko huɗu da ke cafke kan nipul, da 'yar roba da ke rufe tsakani. A gwada ɗaure zoben bakin kaɗan, in bai daina ba a sayi sabon baki kawai, ba shi da tsada. In kuwa a nipul ɗaya ko biyu take yi, ko dai kan nipul ɗin ya cinye, ko hanyar bayansa ta toshe. Baki yana son ya hau a miƙe. In bindigarka mai sandararren bututun ƙarfe ce, sa mata tiyo mai lanƙwasa, wuraren da ke lungu kuma a musanya musu nipul mai lanƙwasar digiri 45 ko 90.

Sai nipul ɗin aksul ɗin gaba. Don Allah ka hana yaron hawa kan hannun da ƙarfi, ka kuma raba shi da filaya. Bakin yana maƙalewa ne saboda ƙarfin da ya taru a tiyo ya rasa mafita, shi ke ƙara danne haƙoran. Filaya tana cinye kan nipul da haƙoran baki, wataƙila ma ita ce ta jawo maka tsiyayar da kake gani. A rufa tsumma a mahaɗar tiyo, a sassauta ta kaɗan da sufana har giris ya ɗan fito, sannan a karkata bakin gefe a murɗa, zai sauka da kansa.

A wannan wurin nauyin gaban tarakta duka yana kan fin, wato sandar ƙarfen da aksul ke lilo a kanta, ya matse shi da bush, zoben da fin ɗin ke zaune a ciki, har giris bai da inda zai bi. A ɗaga gaban da jak, a tokare da katako mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙasa jak kaɗai na riƙe da ita. A girgiza aksul sama da ƙasa, in na sitiyari ne a juya shi hagu da dama, sannan a gwada. Sau da yawa nan take yake karɓa. In ya ƙi, a kwance nipul ɗin a cusa shi a bakin bindiga a buga. In giris bai ratsa shi ba, shi ne ya mutu, a sa sabo. In ya ratsa, ramin ne ya cika da tsohon giris da laka suka daskare. A tono abin da za a iya da waya, a ɗiga man gas ko siririn man inji, a bar shi ya kwana, a mayar da nipul a sake gwadawa. In duk an yi wannan bai buɗe ba, sai bakanike ya zare fin ɗin, don wani lokaci bush ne ya juya ya rufe ramin. Kada a ce a bar shi tunda ɗaya ne. Wurin da ya daina karɓar giris a bushe yake aiki, kuma shi ne zai fara lalacewa.

In za ka sayi nipul, tafi da tsohon a aljihu. Akwai masu ma'aunin milimita, M6 da M8 da M10, akwai masu ma'aunin inci. M6 da mai kwatan inci a ido kamar ɗaya suke, bambancinsu bai kai rabin milimita ba, amma in ka tilasta ɗaya a ramin ɗaya ka kashe tiredin. Tsofaffin Steyr da aka haɗa a Bauchi asalinsu na Ostiriya ne, milimita suke bi, tsofaffin Massey na Ingila kuwa za ka tarar da inci a jikinsu, haro kuma yana iya zuwa da nasa daban.

Giris kuma, nemi wanda aka rubuta NLGI 2 da lithium da EP a jikinsa, ya wadatar da kusan ko'ina a tarakta da haro. Ka tsaya a kan iri ɗaya. Launi ba ya nuna iri, kuma wasu nau'o'in in suka haɗu sai su tsinke ko su daskare. A fin da bush ana bugawa har tsohon baƙin giris ya fito sabo ya biyo shi. A boris mai sil kuwa, wato robar da ke rufe shi ta hana datti shiga, bugu biyu ko uku ya isa, don ƙarfin bindiga ya fi abin da sil ke iya ɗauka nesa ba kusa ba, in ya fashe kuma ƙofar laka ta buɗe. Kuros, wato gaɓar shaf ɗin PTO da ke kai ƙarfin injin tarakta zuwa kayan aikin da ke bayanta, galibi bayan awa 8 na aiki ake ba shi, sauran wurare wasu awa 10, wasu awa 50, littafin taraktar ya fayyace. Tunda cikin ruwa da laka kuke wuni, a ba haro da aksul giris da yamma bayan an tashi, ƙarfe na da ɗumi, don sabon ya koro ruwan da ya shiga. In aka bari sai da safe, ruwan ya kwana a ciki.

Mai batir tana da amfani ga wanda ke da taraktoci da yawa da injin girbi, mai nipul bila adadin a kullum. Amma ita ma iska na kama ta, ga shi ba ta gaya wa hannu komai, yaro zai danna har ya fasa sil bai sani ba. Ga tarakta ɗaya da haro, ni shawarata ka gyara wadda kake da ita, ka sa mata tiyo da baki mai kulli, irin wanda ke kama nipul da kansa ya bar maka hannu biyu. Ta farkon ma, in ba a yar ba, a ɗauko ta a wanke bawul ɗin.

Abu na ƙarshe, ka zaunar da yaron ka gaya masa da bakinka. Kada ya taɓa toshe bakin bindiga da yatsa don ya ji ko tana fitarwa, kada ya riƙe tiyon da ya tsage ana bugawa. Ƙarfin da bai wuce bar 7 ba yana iya huda fata, ka kuwa ji abin da bindiga ke kaiwa. Ciwon yakan fito kamar sukar allura, da farko ma ba zafi sosai, amma giris ya riga ya bazu cikin tsoka, kuma mutane na rasa yatsa ta wannan hanya. In ya faru kada a matsa, kada a tsaya shafa magani ko jiran gobe. A wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a ranar, a tafi da kwalin ko sunan giris ɗin, a gaya wa likita cewa da ƙarfin bindiga ya shiga, don aikin tiyata ne kuma awoyin farko su ne ke ceton yatsan.