Me bushiyar teku ta yi ake farfasa ta da guduma?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Na kalli wani bidiyo inda masu nutso a tekun Amurka suke bin wasu halittu masu ƙaya, masu launin shunayya, suna farfasa su da guduma ɗaya bayan ɗaya. An ce wai ceton muhalli suke yi. Ta yaya kashe halitta zai zama ceton muhalli? Me ta yi musu?

Amsa: 'Yata, abin da kika gani bushiyar teku ce mai launin shunayya, wadda masana ke kira Strongylocentrotus purpuratus. Mazauninta gaɓar tekun Fasifik ne, daga Kanada zuwa yankin Baja Kalifoniya na ƙasar Meziko. Faɗinta bai cika wuce santimita 10 ba. Laifin da ake tuhumarta da shi kuwa shi ne ci.

A wannan gaɓa akwai wata doguwar ciyawar teku da ke kafe gindinta a jikin dutse, ta miƙe sama har ta kai fuskar ruwa, mita 10 zuwa 20 cikin shekara guda. Idan ta yi yawa daji take zama sosai. A ciki kifi ke ɓuya, a ciki dodon-koɗi da ƙaguwa ke kiwo. Ita ce abincin bushiyar teku tun fil azal, kuma dajin bai ƙare ba. Dalili shi ne a da bushiyar ba ta yawo. Lafewa take yi a cikin tsagar dutse, ta jira igiyar ruwa ta kawo mata guntayen ganyen da suka tsinke, ta cafke. Tsoro ne ke tsare ta a ramin, don a waje akwai masu jiranta.

Na farko karen ruwa na teku, wanda ke cin ta har haƙoransa su rine su koma shunayya. Shi masu fataucin fata sun kusa ƙarar da shi tun ƙarni na 18 da na 19, kuma har yau bai koma arewacin Kalifoniya ba. Saura na biyu, wata ƙatuwar tauraruwar teku mai hannuwa har 24, wadda faɗinta kan kai mita guda. Ita ke haɗiye bushiya sukutum, daga baya ta tofar da ƙoƙon. A shekarar 2013 wata annoba ta faɗa wa taurarin teku a duk faɗin gaɓar, jikinsu ya riƙa narkewa, hannuwa suna ɓallewa. Wannan babbar ita ta fi jin jiki, har a 2020 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Sai a 2025 masu bincike suka gano ƙwayar bakteriyar da ke haddasa cutar.

Ana cikin wannan sai ruwan tekun ya yi wani irin ɗumi daga 2014 zuwa 2016. Ciyawar ba ta son ɗumi, sai ta raunana, guntayen da ke isa ramuka suka ragu. To ga yunwa, ga kuma babu mai tsaro a ƙofa. Bushiyoyi suka fito fili, suka dirar wa gindin ciyawar, wurin da in aka gwaguye shi duk tsiron ya tafi. A yankunan Sonoma da Mendosino na arewacin Kalifoniya yawansu ya ninka kusan sau 60, fiye da kashi 90 cikin 100 na dajin ya ɓace cikin 'yan shekaru. A 2018 hukuma ta rufe kamun wani babban dodon-koɗi da mutane ke nutso su ɗebo, saboda yunwa na kashe shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a lamarin nan shi ne abin da ya biyo baya. Wata dabbar in ta cinye abincinta sai yunwa ta rage ta, ciyawa ta samu sarari ta dawo. Wannan ba ta mutuwa. Tana rage aikin jikinta, kayan cikinta su tsotse, ta zauna kusan fanko tana kankarar ɗan abin da ya manne a dutse, shekara da shekaru. Duk ɗan tsiron da ya leƙo, kafin ya yi tsayi an cinye shi. Ko karen ruwa, a yankin Monterey na tsakiyar Kalifoniya inda yake da sauran yawa, an lura ba ya ɓata lokacinsa a kan waɗannan fankon, ya san babu komai a ciki. Shi ya sa mutane suka ɗauki guduma.

Ra'ayina? Gudumar tana aiki a ƙaramin fili, an ga ciyawa ta dawo a wuraren da aka share aka kuma ci gaba da tsaro. Amma gaɓa ce ta ɗaruruwan kilomita, bushiyoyin kuma miliyoyi ne, mutum nawa za su nutsa? Ni dai ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Bushiyar ba baƙuwa ba ce a wurin, halinta kuma bai sauya ba, masu cin ta ne suka ɓace. Na fi sa rai a kan masu rainon waccan tauraruwar teku a ɗakunan bincike, da niyyar mayar da ita ruwa, ko da yake aiki ne mai tafiyar hawainiya.

Tambaya: Ni malamin sakandare ne. Na nuna wa ɗalibaina hotonta, suka ce ina kanta, ina idonta, dabba ce ma ko tsiro? Na amsa iya sanina, amma ina son ƙarin bayani.

Amsa: Malam, ɗalibanka sun iya tambaya. Dabba ce, dangin tauraruwar teku, amma ba ta da kai, ba ta da ƙwaƙwalwa. Jijiyoyinta zobe ne da ya kewaye baki, da rassa 5 da suka fita daga gare shi. Ka ce su riƙe lambar nan, don komai nata biyar-biyar ne. In ƙayoyin suka zube aka duba busasshen ƙoƙon, za a ga layuka 5 na ƙananan huji. Ta nan ƙafafunta ke fitowa, ɗaruruwan siraran bututu masu laushi waɗanda matsin ruwa ke miƙar da su. Da su take tafiya, da su take manne wa dutse in igiyar ruwa ta bugo, da su take numfashi. Kuma a jikinsu aka samu ƙwayoyin da ke jin haske. Ke nan ba ta da ido, amma tana bambanta haske da inuwa ta ƙafa.

Bakin yana ƙasa, yana fuskantar dutse, mafitar kashi kuma tana sama. A bakin akwai haƙora 5 cikin wani tsari na ƙashi da tsoka da ake kira fitilar Aristotle, don wannan masanin na ƙasar Girka ne ya bayyana shi a rubuce fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Haƙoran ba sa daina tsiro, kuma suna wasa kansu yayin da suke gogar dutse. Da su da ƙayoyinta take fafe rami a dutse mai taushi ta zauna. Wata takan shiga tana ƙarama, ta girma a ciki har ƙofar ta yi mata kaɗan. Ana ƙiyasin wasu kan kai shekara 70.

Tambaya: Malam, me ya sa littattafan nazarin halittu suke yawan kawo ƙwan bushiyar teku idan ana maganar samuwar ɗan tayi? Me ya haɗa ta da mutum?

Amsa: Ɗan'uwa, sauƙi ne ya jawo. Mace ɗaya na zuba miliyoyin ƙwai a ruwa, namiji ya zuba maniyyinsa, su haɗu a waje. Ƙwan garau yake, ana ganin cikinsa a madubin ƙara girma. Da ɗan ruwan teku a faranti mai bincike zai zauna ya kalli ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, ta koma huɗu, ta koma takwas. A ƙwan wata bushiyar ta tekun Bahar Rum Bajamushe Oscar Hertwig ya fara ganin haɗuwar cibiyar maniyyi da ta ƙwai, a tsakiyar shekarun 1870. A 1982 kuma Tim Hunt na Ingila ya gano a ƙwan wata daban sinadarin da ke tsara rabuwar ƙwayar halitta, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2001, kuma masu binciken ciwon daji na amfana da shi har gobe.

Ita mai shunayyar, a 2006 aka kammala karanta kundin gadonta, ita ce ta farko a danginta. Kundin yana da haruffa kusan miliyan 814, da ƙwayoyin gado kusan 23,300, a yawan ƙwayoyin gadon ba ta gaza mutum ba. Dubbai daga ciki muna da irinsu. Akwai wani rukuni na ƙwayoyin gadon masu gane ƙwayar cuta da mutum ke da 10, ita tana da 222. A tsarin rabe-raben masana ta fi ƙuda da tsutsa kusanci da mu, kuma hujjar tana cikin ɗan tayi: a wurinta, kamar a rukunin da muke ciki, hujin farko da ke buɗewa shi ke zama mafita, baki sai daga baya. Ɗalibai ba sa mance wannan in sun ji shi.

Tambaya: Tunda ta yi yawa, me zai hana a cinye ta?

Amsa: Hajiya, ana ci. Abin da ake ci sassan haihuwarta ne guda 5, masu ruwan ɗorawa, kuma a Japan suna da tsada ƙwarai. Matsalar ita ce wadda na faɗa a sama: na filin da ya ƙare fanko ne, in an fasa babu abin ɗauka. Wasu kamfanoni sun fara kwaso su da rai, su zuba a tankuna a tudu, su ciyar da su na wasu makonni har cikin ya cika, sannan su sayar wa gidajen abinci. Kuɗin nutso da na ciyarwa ne ke hana sana'ar faɗaɗa yadda ake so.