Ambaliya ta ci gona: ina tallafin gwamnati?

Wani manomi daga ƙaramar hukumar Auyo a Jihar Jigawa ya rubuto: "Malam, ruwa ya cinye mini shinkafa kadada biyu. An ce an kawo tallafi, amma sunana bai fito ba. Yaya zan yi?"

Allah Ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Hukumomin ba da agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha, ba su san gonarka ba, takardar da ta je hannunsu suka sani. Sunaye daga ƙasa suke tasowa: bulama, hakimi, malamin gona, sashen noma na ƙaramar hukuma. Idan ranar da jami'ai suka zo ƙiyasta ɓarna ba ka nan, kuma ba wanda ya rubuta ka, to an wuce ka. Je ka sashen noma da hoton gonar tana cikin ruwa, da girmanta, da abin da ka shuka, da shaidar bulamanku. Sannan ka rage dogon buri. Abin da aka saba bayarwa abinci ne, da iri, da taki, wani lokaci injin ban-ruwa. Agaji ne na tada komaɗa, ba ya biyan kadada biyu.

Wani kuma ya ce an nemi ya ba da kuɗi a sa shi cikin jerin. Kada ka ba da ko sisi, ka kai maganar gaban hakimi.

Wata mai noma daga Kafin Hausa tana tambaya ko za ta iya yin inshora yanzu da ruwa ya riga ya shiga. A'a, Hajiya. Hukumar inshorar noma ta NAIC tana biyan wanda ya yi rajista tun lokacin shuka ne, kuma ya sanar da asara da wuri. A amfanin gona na abinci gwamnati ce ke ɗaukar rabin kuɗin shiga inshorar, don haka ki sa ƙungiyarku ta mata ta shiga tun farkon damina mai zuwa.

Wasiƙar da ta fi damuna ita ce ta wani da ya sayi magunguna kala uku zai fesa wa shinkafar da ta kwana goma a ƙarƙashin ruwa. Haba malam! Ba ƙwari ne suka kama ta ba, iska ta rasa, saiwa ta ruɓe. Babu maganin feshin da ke tada wannan. Kuɗin nan da iri ka saya.

Kuma kowace shekara maganar ɗaya ce. Kogin Haɗeja ba baƙo ba ne. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, don haka da ruwa ya ƙaru daga wajen madatsun Tiga da Challawa, sai ya bazu cikin fadamu a Agusta da Satumba. Mun gani a 2020, mun gani a 2022. Duk da haka mutum zai koma kwari ɗaya ya zuba shinkafar FARO 44, wadda ba ta jure nutsewa. Tun 2017 aka fitar da FARO 66 da FARO 67, waɗanda kan jure kusan mako biyu a cikin ruwa su farfaɗo, muddin ba su ɗauki ciki ba. Ku tambayi malaman JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, inda ake samun na gaskiya, don na kasuwa sau da yawa gauraye ne. Ku yi reno da wuri, ku raba shukar, kada duka ta tafi kwari. Gayyar cire kachala da gyaran jinga kuwa aikin rani ne, ba na ranar da ruwa ya iso bakin gari ba.

Mai tambayar abin da zai shuka bayan ruwa ya janye: wake ko kankana a kan danshin da ya rage, alkama kuma daga tsakiyar Nuwamba idan kana da injin ban-ruwa.